Kada Ka Shafa Banish Ɗin Da Na Ba Ka

Nasarawa, Kaduna.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da baƙunta. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a Suleja, ya tsare hannunka daga kaifin zarto, ya haɗa ka da mutanen kirki. Mu nan lafiyar jiki muna da ita, alhamdu lillahi. Sauran labarin gida ka bari sai ka zo, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ga abin da ya sa. Gwangwanayen banish ɗin nan mai mai da na ba ka ranar tafiyarka, kada ka shafa ko ɗigo a ƙofofin Alhajin nan. In burushi yana hannunka yanzu, ajiye shi ka zauna. Ka ce mini sai gab da Babbar Salla za ka kai ga shafi, kuma mutumin ya yi maka alkawari in ƙofofin gidan farko suka yi masa, kai zai ba sauran gidajen da yake gina wa ma'aikatan Abuja. Wannan shi ne aikinka na farko da sunanka, ba da nawa ba. Tun da na yi wa direban Suleja maganar kai maka takardar nan, addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa ta riga hannunka.

Na san za ka ce me ya sami tsoho. To Baba Pam ya rasu, maƙwabcinmu na masaƙar Kakuri, wanda ya fara ɗora ka a kan keke. Ni na yi masa akwatin gawa, na shafe shi da irin banish ɗin da ke wurinka, kuma ya ƙi bushewa. Zan faɗa maka yadda abin ya faru, amma sai na soma daga inda na fara ɓata, don ka san ba rana ɗaya na yi wannan aika-aika ba.

Ka tuna bara, lokacin da kaya suka ɓuya, ana layin madara da sabulu, soja na tsaye da bulala? Banish na kirki ma ya ɓace daga kasuwa. Sai Chidi, mai shagon fenti a Kakuri, ya aiko mini cewa ya samo ragowar kaya, in zo kafin wasu su ji. Na je na ce duka nake so. A lokacin kuwa algus ya yi yawa. Za ka sayi gwangwani, sama banish, ƙasa baƙin mai, sai ka kai rabi za ka gane an yi maka sakiyar da ba ruwa. Ni kuwa ka san ni, ban yarda a ce an cuci Garba Kafinta ba. Na ja benci a ƙofar shagon, na fito da sukundireba, na bi gwangwanayen nan ɗaya bayan ɗaya ina ɓalle murfi, ina zura tsinke har ƙasa, ina shinshinawa. Mutane suka tsaya kallo, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Chidi ya riƙe ƙugu ya ce, "Baba Garba, don Allah ka buɗe ɗaya ko biyu ya isa. Abin nan ba ya son iska. Ranar da ka buɗe shi, ranar ya fara mutuwa."

Na ce masa ina shafa banish tun bai san hanyar Kaduna ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya taya ni ɗaure kaya a bayan keke. Ko ɗaya babu na algus a ciki. Lafiyayyen kaya ya sayar mini, ni na bi su da hannuna na lalata.

Abin da ya fi ba ni mamaki da kaina shi ne, duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban san wannan ba. Kuma na gano dalili. Ban taɓa samun halin ajiye banish ba. Kullum gwangwani ɗaya nake saye, in buɗe, in gama aiki da shi, in ba innarka gwangwanin ta zuba toka. Rashin hali ne ya rufa mini asiri, ni kuma na ɗauka gwaninta ce. Saboda haka ka riƙe wannan: gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba yana iya jiran ka shekaru a inuwa. Wanda aka buɗe kuwa kwanansa ƙirgagge ne. In cike yake, an rufe shi ruf, wuri mai sanyi, zai iya kai ka shekara. In rabi ne, iska ta cika sauran wurin, 'yan watanni kawai gare shi. Ka sayi daidai aikin da ke gabanka. In kana zargin kaya, buɗe ɗaya, sauran ka bar su da hatiminsu.

Kuskurena na biyu wurin ajiya ne. Da na kawo su shago, sai na ga dukiya ce da ba a bari a ƙasa, na hau tsani na jera su a can saman katanga, dab da kwano, inda hannun ɓarawo ba zai kai da sauri ba. Kai ka san zafin kwanon shagonmu a bazara, ko ƙadangare ba ya zama. Nan suka kwana suka yini suna dahuwa. Murafan kuma duk na lanƙwasa bakinsu da sukundireba, na mayar na buga da guduma, ina ganin sun rufu, ashe iska tana shiga tana fita yadda take so. Ban tsaya nan ba. In aiki ya zo, wanda hannuna ya fara kaiwa shi nake saukewa, in ɗiba, in mayar. Gobe in sauke wani. Kafin damina ta kama, da yawa sun koma rabi-rabi, babu wanda na gama.

Kai kada ka yi haka. Ka gama ɗaya kafin ka taɓa wani. In ya rage, juye shi a ƙaramin gwangwani ko kwalba da zai cika har wuya, don iska ta rasa wurin zama. Goge bakin gwangwani da tsumma kafin ka rufe, in ba haka ba murfi ba zai zauna ba. Ka ɗora guntun katako a kai ka danna a hankali, ban da bugun hauka irin nawa. Ka ajiye a ƙasa, cikin inuwa, nesa da murhu. Ka karce watan da ka buɗe a jikin murfin da ƙusa, don kan mutum yana yi masa ƙarya.

Na uku shi ne wanda ya fi kama da ganganci. Wata rana na sauke ɗaya, na tarar ya yi yana a sama kamar kunun da ya kwana. Na sa tsinke na yaye yanar na yar, na ce ai na ƙasan lafiya lau. Ya yi kauri, burushi yana ja da ƙyar, sai na miƙa hannu na ɗauko kwalbar kananzir ta fitila na tsiyaya masa, na juya, ya saki. A ido ya koma sabo fil. Sai bayan da ta faru ta ƙare Chidi ya yi mini bayani cewa abin da ke sa banish bushewa yana tafiya ne a cikin yanar nan, duk yayewa ɗaya ƙarfinsa yana raguwa, kananzir kuma ƙara jinkirta shi yake yi. Ya faɗa mini ne a hankali, kansa a ƙasa, kamar shi ya yi laifin.

To in ka ga yana siririya karo na farko, kana iya cirewa ka tace ta tsohon ɗankwali, ka sirka da man sirkinsa na asali, ba kananzir ba. Amma ko da hakan, kada ya hau aikin mutane sai ya hau guntun katako tukuna. Shafa, ka bar shi ya kwana ya yini. Sannan ka danna babban yatsa da ƙarfi, ka ɗora tsumma ka zauna a kai. In ya riƙe ka ko kaɗan, ya mutu. In ka ga gudaji, ko yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, ko warinsa ya canza, ba sai ka ɓata katako ba ma. Guntun katako ba ya jin kunya, ba shi da dangi, shi ya kamata ya fara ɗaukar kuskurenka.

Allah bai bar ni babu gargaɗi ba, ni na toshe kunne. Kwanaki kaɗan bayan tafiyarka na gyara wa innarka kujerarta ta tsakar gida, na shafe ta da ragowar wani gwangwani. Mako ya zagayo ta ce mini kujerar tana kama mata zane. Na ce damina ce, iska ta yi laima, ta ba ta lokaci. Wani makon ta sake magana, na sake cewa damina. Ta dube ni ta ce, "Malam, daminar nan a kujerata kaɗai take sauka?" Na ce mata tuwo ne sana'arta, ta bar mini katako. Ta ɗauki kujerar ta jingine bayan ɗaki, ta koma zama a kan turmi. Kullum sai na wuce kujerar nan in zan yi alwala, ƙura da gashin kaji sun manne mata, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba.

Magaji, wanda yake zama a kan kujera ya fi wanda ya ƙera ta sanin halinta. In mai aiki ya dawo da ƙorafi, ko mace ce, ko yaro ne, bar abin da kake yi ka je ka taɓa da hannunka. Kada ka nemi laifin a sama alhali yana cikin gwangwaninka.

Yanzu sai maganar Baba Pam. Kai shaida ne yadda muke da shi. Da Kirsimeti shinkafarsu a gidanmu take sauka, da Salla namanmu a nasu. Kuma ka sha jin sa in ya taso daga masaƙa ya zauna a bakin shago yana tsokanata, wai ni zan yi masa ɗakinsa na ƙarshe, kuma yana son ya yi ƙyalli har mala'iku su duba fuskarsu a jiki. Ni kuma in ce ku dai kun faye son ado, mu farin ƙyalle ya ishe mu. Jiri ya ɗauke shi a bakin ƙofar gidansa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Da matarsa, Maman Rahila, ta aiko ƙaninsa ya tuna mini maganar, na ce ko ba a aiko ba ina kan hanya.

Na sauke katakon maɗacin nan da nake ta ɓoyo, wanda na hana ka taɓawa. Ban taɓa goge katako kamar yadda na goge wannan ba. Na zaɓi gwangwanin da ya fi cika a idona, na yaye yana, na tsiyaya kananzir, na shafa har sau biyu, ciki da bakin murfi duka. Ya yi kyau, Magaji. Wallahi ya yi kyau, ina ganin gemuna a jiki.

Da safen jana'iza na taɓa shi da bayan yatsa, sai na ji ya ɗan riƙe ni. Gabana ya faɗi. A-kori-kura tana bakin shago, samari suna jira, gawa tana jira a asibiti. Na ce a raina rana za ta ƙarasa shi a hanya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi duka, don a nan na sani. Da na buɗe baki na ce a ba ni sa'a guda in kankare, ko a lulluɓe shi da yadi a buga ƙusa, da kunyar ta tsaya tsakanina da samari. In ka ji gabanka ya faɗi a kan aiki, kada ka bar shi ya fita ƙofar shago. Kunyar da za ka ji a shago ƙarama ce, kuma taka ce kai kaɗai.

Aka kai shi coci a nan Nasarawa. Ni da wasu maƙwabta Musulmi muka tsaya a waje ta bakin taga. Matan zumuntar cocin suka shimfiɗa farin ƙyalle mai leshi a kan akwatin, wanda suka ɗinka da hannunsu. Wuri ya cika, rana ta take, kwano ya ɗau zafi. Ana tsakiyar waƙa sai ga Rahila, babbar 'yarsa mai aikin jinya a Makurdi, ta shigo da jakarta a hannu, motarsu ta lalace a hanya. Ba ta ga mahaifinta ba tun Kirsimeti. Fasto ya ce a buɗe mata ta gan shi kafin a wuce da shi gida Filato.

Wata dattijuwa ta kama gefen ƙyallen ta ja, ya ƙi. Ta ƙara ja, sai muka ji ƙarar yagewa har waje. Rabin leshin ya biyo hannunta, rabi ya zauna a kan murfin. A lokacin ne na lura da samarin da suka ɗauko shi, kowa yana duban tafin hannunsa, kafaɗun rigunansu duk sun yi ja. Waƙa ta mutu a bakin mutane. Aka kwance ƙusoshin murfi, ƙanin mamacin ya ɗaga, murfi ya ƙi motsi. Mutum biyu suka kama, akwatin gaba ɗaya ya ɗago daga kan benci. Wata mata ta yi salati irin nasu. Sai na ji wani daga gaba ya ce, "Ina kafintan?"

Duk kawuna suka juyo taga. Na cire takalmi a ƙofa, don ban san ko ana shiga da shi ba, na ratsa tsakiyar mutane, na karɓi sukundireba a hannun direban a-kori-kura. Na zura shi tsakanin murfi da akwatin abokina, yana kwance a ciki, na danna. Banish yana ja kamar danƙo. Na bi gefe-gefe ina ɓamɓara, babu abin da ake ji a cocin nan sai numfashina. A kusurwar kai katakon ya tsage, wani ɓangare ya faɗo ƙasa. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Rahila ta durƙusa, ta kifa hannuwanta da goshinta a bakin akwatin tana kuka. Da aka zo ɗaga ta, ɗankwalinta ya zauna a wurin, da silin gashinta. Kanta a buɗe aka janye ta a gaban jama'a.

Ina tsaye da sukundireba a hannu, Maman Rahila ta taso ta zo gabana. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya cancance ni. Ta ce, "Malam Garba, ka yi ƙoƙari. Mun gode." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban iya bin su Filato ba. Waɗanda suka raka shi sun dawo sun ce kafin a isa, jar ƙasar hanya da ciyawa da ƙwari sun lulluɓe akwatin har ba a gane katako ne, sai da mata suka kwance zane aka rufa masa. Wai wani tsoho a ƙauyen ya tambaya wane ne ya yi wannan aiki, ƙaninsa ya ce abokinsa ne. Wannan kalma ita take hana ni cin abinci.

Daga cocin shago na wuce. Na hau tsani na sauke duka, na buɗe. Wani ya daskare, wani gudaji, wani kuma kyakkyawa a ido kamar wanda na shafa wa Pam, kuma shi ne mugun. Ina zaune a tsakiyarsu innarka ta leƙo. Ba ta yi mini gori ba, ko kujerarta ba ta ambata ba. Ta dubi gwangwanayen ta ce, "Na wurin Magaji fa?" Sai a sannan na tuna. Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na miƙe, na koma na zauna, na sake miƙewa.

Saboda haka ka saurara. In ba ka shafa ba, haƙa rami nesa da rijiya ka binne su, ka je ka sayi sabo mai hatimi ko da ƙarami ne, ko da za ka rage cin nama har Salla. In kuwa takardar nan ta makara ka riga ka shafa, kada ka jira rana ta gyara maka. Je ka sami Alhajin da ƙafarka kafin rigarsa ta gaya masa. Ka ce banish ɗin ubanka ne, tsohon ya ajiye shi har ya mutu bai sani ba. Ka kankare har katako ya fito fari, ka sake. Sunana ya riga ya sha ƙasa a Nasarawa, ƙara masa Suleja ba zai rage ni da komai ba. Naka ne ba na son ya taɓu.

Akwai abin da ya fi wannan tsorata ni, shi ne halinka. Ranar da kake ɗaure kaya, na gan ka ka ɗauki gwangwani ɗaya ka girgiza kusa da kunnenka. Ka ɗaga murfin ka leƙa. Ka ɗago ka dube ni, na ga magana a bakinka, sai ka mayar da murfin ka ce, "Na gode, Baba." Ni ma na kawar da kai na shiga neman igiya. Kai ɗan fari ne, tun kana goye ba na haɗa ido da kai, ba na zama da kai, aiki ma ta gefen ido ka koya a wurina. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Da ƙaninka ne, da ya ce mini Baba abin nan ya lalace, in yi masa tsawa, amma in je in duba. Kai ka gani, kunya ta rufe maka baki, ni kuma na ji daɗin shirun.

Shi ya sa nake tsoron ko ka karanta duk wannan za ka ce kyautar uba ce, ita kaɗai ya iya ba ka da za ka bar gida, ba a binne ta. Za ka tace, ka lallaɓa, ka shafa ko a ƙofar baya ce, don kada a ce ka raina. Ban yarda ba. Daga yau in ka ga na kauce, faɗa mini a fuskata, na yafe maka wannan kunyar duniya da lahira.

Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. In ka zo, ka fara shiga wurin Maman Rahila ka yi mata gaisuwa kafin ka shigo gida. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa albarka a hannunka, ya rufa maka asirin da ni na kasa rufa wa kaina. Ka ba direban nan amsa ko layi ɗaya ne, zan riƙa zuwa tasha har sai ta zo.

Ban taɓa kiran ka da sunanka na yanka ba, ko a baki ko a takarda. Yau zan kira, don ka san ba wasa nake ba. Idrisu, zubar da shi.

Wassalam.
Mahaifinka,
Garba.